Ni Na Koya wa Hamisu Haɗa Taki, Amma Motarku a Ƙofarsa Take Tsayawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Manoman Takin Gida ta ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran shugabannin ƙungiya. Ina kuma yi mana jaje baki ɗaya game da iskar da ta yi mana ɓarna a daminar da ta wuce. Allah Ya mayar da alheri.

Ranka ya daɗe, sunana Garba, amma a ƙauyenmu Garba Mai Juji ake ce mini, kuma ba don yabo aka laƙaba mini sunan ba. Na bar takin zamani tun kafin a kafa ƙungiyar nan, lokacin da na ga gonar da na gada ta fara yin fari, sai an ƙara mata buhu a kan na bara kafin ta ba da abin da ta saba. Duk ranar Juma'a da sassafe, washegarin kasuwar Maigatari, nakan ɗaura wa shanuna amalanke in je kara, inda ake cinikin dabbobi, in kwaso kashinsu. Mutane suna kan hanyar zuwa wanki da aski, ni ina tafe da wari. An yi mini dariya har ta ishe ni. Ban daina ba.

Na je ofishinku na Gumel sau uku ban same ka ba, shi ya sa na zaɓi in yi maganar a fili. Kuma tun daga farko zan faɗi abin da wasu za su faɗa a bayan idona: e, kishi ne. Kishin Hamisu nake yi. Ba zan ɓoye shi a bayan maganar adalci ba. Amma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe, ka ga ko kishin nan ya taso haka kawai.

Hamisu ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, na girme shi da shekaru masu yawa, Yaya yake ce mini. Gidansa da gonarsa suna bakin kwalta, ni kuma ina can ciki, sai an ratsa rairayi mai zurfi kafin a iso. Shekarar da tsutsa ta cinye masa wake duk da feshin da ya yi, ya zo ya zauna a zaurena. Ni na kama hannunsa na kai shi bakin ramin takina. Na nuna masa yadda ake shimfiɗa kara da ƙaiƙayi, a bi da kashin shanu, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a rufe. Na nuna masa yadda ake soka sanda a bar ta, a zaro a taɓa, a gane ko takin ya ɗauki zafi. Na koya masa jiƙa ganyen darbejiya da barkono da ɗan sabulun salo a tace a fesa wa wake. Irin riɗin da yake shukawa yau daga rumbuna ya fito. Da kuka zo neman masu shiga ƙungiya, ni na ce masa ya rubuta sunansa, yana ta noƙewa.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya, maganar motar ɗaukar kaya. Da kuka ce ƙungiya za ta riƙa aiko da mota ta kwashi amfanin gonarmu, a buga masa tambarin cewa ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi ba, a kai wa masu sayen da suka san darajarsa, wallahi na ji kamar an biya ni dariyar da aka yi mini. Sai aka sa wurin tara kaya a ƙofar gidan Hamisu. Direba ya ce ba zai shiga rairayi ba, mota za ta kafe. Ban ga laifinsa ba. Amma motar ba ta da lokaci. Wata rana da hantsi, wata rana bayan azahar, kuma ba ta jira. Hamisu daga tsakar gidansa yake jin ƙararta ya fito da buhunansa. Ni sai na yi lodi tun asuba, na kora shanu, in na iso a ce yanzun nan ta wuce. Riɗi da zoɓo suna haƙuri, ana iya ajiye su zuwa wani mako. Kankana ba ta haƙuri. Sau biyu ina juyawa da amalanke cike, in nufi kasuwa, dillali ya zube kankanata a kan ta waɗanda suka yi feshi har ana gobe tsinka, ya yi mana kuɗi ɗaya. Na ce masa tawa ba magani a jikinta. Ya ce in nuna masa inda aka rubuta.

Na biyu, maganar allo. Kun kafa babban allo a bakin hanya, da hoton Hamisu ya cika tafin hannunsa da baƙin taki yana murmushi, an rubuta a ƙasa wai shi ne ya buɗe wa manoman yankinmu ido. Duk wanda zai je Gumel daga wajenmu sai ya wuce ta gabansa. Ni ma haka. Baƙin da kuke kawowa a can suke tsayawa, su sha kunun zaƙi a inuwar gidansa, su yi masa tambayoyi, ya ba su amsa da kalmomin da na faɗa masa a bakin ramina. Na san ya sha cewa yayansa ne ya koya masa. An gaya mini. Amma babu wanda ya taɓa tambayar ina yayan yake, balle ya cire takalmi ya tako rairayi.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, maganar iska. Ka san ranar. Gero ya fitar da kai, riɗi yana fure. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ƙanƙara ta biyo bayanta. Ina gona na fake a gindin kuka ina kallo. Kafin magariba gerona ya kwanta kamar an yi birgima a kansa, furen riɗi ya kakkaɓe. Da na koma gida na tarar rufin ɗakin ajiya ya tashi, ruwa ya shiga kan irin da na keɓe. Babban reshen gawon da nake ɗaure shanu a ƙarƙashinsa ya karye ya danne sa ɗaya, ƙafarsa ta baya ta karye. Muka yanka shi kafin duhu. Ranka ya daɗe, kai manomi ne, ka san amalanke ba ta tafiya da sa ɗaya. Abin da yake kai ni bakin kwalta ke nan ya tafi.

Bayan kwanaki kun turo masu duba ɓarna. Su ma a mota suka zo, su ma a ƙofar Hamisu suka tsaya. Suka rubuta waɗanda suka gani, suka bar saƙo cewa na ciki su fito su ba da suna. Hamisu ya kira wayata bai samu ba, domin iskar ta fasa farantin hasken ranar da muke caji da shi. Washegari ya hau babur ya zo da kansa ya gaya mini. Na bi shi muka fito, na wuce Gumel. Sakatarenku ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, sannan ya ce an rufe suna, takarda ta riga ta tafi.

Da kayan tallafi suka iso, Hamisu ya samu kwanon rufi da ƙusa, da tamfol, da irin shuka. Ɓarnar da aka yi masa ita ce rufin madafa da danga, da gefe guda na gona. Ban ce bai cancanta ba. Na ce ni ko ƙusa ɗaya ban gani ba. Ina zaune a kasuwar ƙauye aka zo ana ba da labarin yadda sabon kwanon gidansa yake walƙiya daga nesa, ana juyowa ana kallona. Na ce Allah Ya sanya alheri. Bakina ne ya faɗa.

Yanzu zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba sai matata. Wata ranar Alhamis, na san Hamisu ya tafi Maigatari, na taka da ƙafa har gonarsa. Na shiga rumfarsa na ɗaga buhuna, na leƙa bayan randa, na tona inda na ga ƙasa ta yi sabo. Ina neman buhun takin zamani ko kwalbar maganin feshi, ko da wofi ce, in ɗauko in kawo maka in ce ga mutumin da kuka sa a allo. Har na tsara yadda zan faɗa. Ban sami komai ba. Na je bakin raminsa na zaro sandar na taɓa, zafinta daidai. Na tura hannu na damƙo takin, baƙi ne, laushi, ba wari. Ya fi nawa kyau. Ya ƙara masa ɓawon gyaɗa, abin da ni ban taɓa tunani ba. Na zauna a wurin, tsoho da furfura, hannuna duk taki, na ji a raina da ma ƙanƙarar ta fi haka sauka a nan. Na yi istigfari, amma na riga na ji abin da na ji.

Ba a yi mako ba sai ga shi da amalankensa a ƙofar gidana, ya ɗauko rabin kwanon, ashe madafar kawai ya rufe ya ajiye sauran. Ya ce, "Yaya, ga wannan a rufe ɗakin iri. Ka kuma ɗauki sa ɗaya cikin shanun nan, ka riƙe shi har ka sami naka." Na ce masa ban roƙe shi ba, ya kai wa masu ɗaukarsa hoto. Ya sauke kwanon ya jingina da bangon zaure, ya juya da shanunsa ya tafi. Matata Hajara ta ji komai daga ciki. Da na shiga ta ce, "Malam, shi Hamisun ne ya hana mota shigowa?" Kwanon yana nan jingine inda ya bar shi, ɗakin iri kuma a buɗe, ga bazara ta kama.

Ranka ya daɗe, idan kai ba ruwanka da abin da ke tsakanina da ɗan'uwana, akwai abin da ya shafe ka. Magidanta huɗu ne a ƙauyenmu suka bi ni suka bar takin zamani. Su ma iskar ta taɓa su, su ma ba a rubuta su ba. Uku sun gaya mini bana za su koma shago su sayi buhu, domin wahalar haɗa taki ba ta da amfani in dai a ƙarshe tsibi ɗaya za a zuba kayansu da na kowa. A da ina da abin da nake faɗa musu. Yanzu sai in yi shiru.

Saboda haka ina roƙon waɗannan abubuwa.

A buɗe wurin tara kaya na biyu a cikin ƙauyuka, ko ƙungiya ta ɗauki masu amalanke su riƙa fito da kayanmu bakin hanya. In hakan ya yi nauyi, a tsayar wa motar rana da lokaci, a kuma cika.

A sake buɗe sunayen waɗanda iska ta yi wa ɓarna, a turo mutum a kan babur ko da ƙafa ya ga gonaki da idonsa. Karyayyen reshen gawon yana nan, ɗakin yana nan, ba abin da na gyara. Nan gaba kuma kada a rufe suna sai an taka kowane ƙauye da ke da ɗan ƙungiya.

A ba mu buhuna masu tambari mu ajiye a gida, yadda ko mota ta wuce mu, muna da abin nuna wa dillali.

Kada a karɓi komai daga hannun Hamisu, kada a sauke allonsa. Na bincike shi fiye da yadda ku za ku iya, mutumin kirki ne kuma manomin gaske. Amma in baƙi sun sake zuwa, a kawo su cikin rairayi sau ɗaya. Ina so a tsaya a bakin ramina a tambaye ni. Na san wannan roƙon ba na ƙungiya ba ne, nawa ne. Na dai faɗa.

Kafin in aiko da takardar nan na ga bai dace in ambaci sunan mutum a bainar jama'a bai sani ba. Na je na same shi a gona, na karanta masa tun daga sama, har wurin da na shiga rumfarsa. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ce ya ga sawuna tun ranar, ya gane takalmina. Sai ya ce in ba shi alƙalamin ya sa hannu a ƙasan nawa, domin maganar mota da ta suna gaskiya ce. Na miƙa masa. Ko wannan ma sai da ya sosa mini rai, da ya zama shi ne ya fi ni haƙuri. Gobe zai zo da guduma mu buga kwanon.

Allah Ya taya ka riƙon wannan amana, Ya ba ka mashawarta masu gaya maka abin da ke bayan kwalta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga iska da ƙanƙara. Ni kuma, in ka idar da salla ka tuna da ni, ka roƙa mini Allah Ya cire mini abin nan daga zuciya, domin har yanzu bai gama fita ba.

Wassalam.

Naka ɗan ƙungiya,
Garba Mai Juji,
daga wani ƙauye a ƙasar Gagarawa.

Na ji an karanta, kuma na yarda a aika.
Hamisu.