Ƙorafi Kan Tsayar da Mijina Ba da Sanina Ba

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Asibiti

Daga: Matar majinyacin da ke gadon kusa da taga, Sashen Kulawa ta Musamman

Kwanan wata: Litinin, 16 ga Mayu

Game da: Hana ni shiga lokacin da ake tsayar da mijina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwa in rubutuna ya karkace, murna ce ta yi mini yawa. Mijina mai fenti ne, muna ce masa Dogo. Tun da ya faɗo daga tsani ya bugu a ka yake kwance a sashenku. Likitoci sun ce ba za a mai da shi ɗakin jinya na gama-gari ba sai jikinsa ya iya jure tsayuwa. Ga ƙorafina:

1. Ranar Laraba, 11 ga wata, likitar gashin ƙashi ta ɗaure shi da bel a gadon nan mai ɗaga mutum a hankali, har ya miƙe tsaye. Ranka ya daɗe, ya miƙe! Amma ba wanda ya sanar da ni. A bakin mai goge ƙasa na ji. Na rungume ta har da tsummanta, na kifar mata da bokiti, kuma na riga na ba ta haƙuri.

2. Washegari na zo da sassafe. Aka tare ni a ƙofa, wai gashi da safe ake yi, ziyara kuma sai da yamma. Na leƙa ta gilashi, sai na ga an juya gadon yana fuskantar bango. Abin da na samu kawai shi ne bayan katakon gadon da tsinin kansa da ya leƙo ta sama. Duk da haka sai da na taka rawa a baranda, ni da ko a bikina ban taka ba. Babbar nas ta ce na dami jama'a. Ban musa ba.

3. Wannan ne mafi muhimmanci. Dogo ya san ina bayan ƙofar. Da zarar an ɗaga shi sai ya fara waiwayen nemana, jiri ya kwashe shi, jininsa ya sauka, a kwantar da shi tun lokaci bai yi ba. Likitar da kanta ta ce waiwayen ne yake mai da aikinta baya. Tsoro nake ji kada a ce ya gaza, alhali matarsa kawai yake nema.

Saboda haka ina roƙon mai girma ya ba da umarnin a bar ni in shiga in tsaya a gabansa. Zan wanke hannu, in rufe baki da hanci, kuma na yi alkawarin ba rawa. In hakan ya gagara, a juya gadon ya kalli ƙofa.

Tun ranar da muka yi aure nake ɗaga kai in dubi mutumin nan, har ina yi masa mitar ciwon wuya. Tun da ya kwanta kuwa sunkuyawa nake yi. A taimaka a mayar mini da ciwon wuyana.

Na gode da ɗawainiyar ma'aikatanku. A huta lafiya.

Taku cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Matar Dogo mai fenti