Kofi na Biyu

Zuwa ga Yayata Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki a duk inda Allah ya ajiye ki. Kin ga na kauce wa tambayar lafiyarki, don ban san ko har yanzu ana yi miki irin wannan tambaya ba.

Gobe za a kai maganarki gaban alƙali a Kabo. 'Yan uwa suna so a raba gonar Baba ta Dugabau, ba ta kuwa rabuwa sai an yanke cewa kin rasu. Ni ce na yi miki ganin ƙarshe, don haka ni za a tambaya. Tun safe fim ɗin nan na Faransanci yake ta dawo mini.

Kin tuna shi? Malama Saratu, 'yar Filato mai koyar da Faransanci, ita ta bar miki kaset ɗin da za ta koma gida, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe gidan kallon unguwarmu. Muka liƙa masa takarda muka rubuta "wa'azi". Bayan azahar, in an kawo wuta, sai matan gida su taru a ɗakinki a saki labule.

Labarin ba shi da yawa. Wata Baturiya ce a wani gida bakin ruwa, kullum ta haɗa shayi kofi biyu, wani namiji ya zauna gabanta. Ba a taɓa ganin ya kai kofin baki ba, kuma ba mai gaishe shi sai ita. Ke ce tafintarmu, saboda ɗan zaman da kuka yi a Maraɗi da mijinki Sani, kafin tsadar rayuwa ta zamanin ostariti ta kora shi Abijan neman na kai, ya yi shiru har yau.

Sharhi kuwa mun sha shi. Inna Laure ta ce aljani ne ya aure ta, a nemo mata mai ruƙiya. Gwaggo Hansai ta ce ba wani aljani, mutumin ya daɗe da mutuwa, matar ce ta ƙi shiga takaba. Matar Kawu ta ce fim ɗin banza ne, ba rawa ba waƙa, mutum biyu sun zuba wa juna ido kamar masu jiran mota. Suna faɗa suna satar kallonki, har ni da ba ni da wayo na gane ba Baturiyar ake yi wa hukunci ba. Ke dai amsarki ɗaya ce: "Ai tana zuba masa shayi, ta yaya za ku ce ya mutu?"

Ranar da ta ƙi barina ita ce wadda aka ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Talabijin ta yi baƙi, mata suka tashi suna tsaki, ke kuwa ba ki daina fassara ba. Kika faɗi maganar matar, kika yi shiru kina sauraro, sannan kika faɗi ta namijin da wata murya ƙasa-ƙasa, wai a same shi a tasha ranar kasuwa. Da na zo kwashe kwanuka, sai na ga kofi biyu a gefen gadonki, kowanne an sha rabi.

Ranar kasuwar Gwarzo kika ɗaura atamfarki ta lefe, kika ce in duba miki tukunya. Na duba, na sauke, na zuba naki na rufe. Har yau ba ki dawo ba.

Bara na samo fim ɗin a waya, da fassara a ƙasa. Yaya, ba tasha a ciki, ba ranar kasuwa. Duk abin da mutumin ya faɗa daga farko har ƙarshe maganar ruwan sama ce da gyaran taga. To, wa kike fassara mana?

Na nemi abin da masu sharhi na can suka rubuta, ko su da suke jin yaren sun raba gardama. Ashe su ma matan gidanmu ne da alƙalami. Wasu sun ce fatalwa ne, wasu sun ce taɓin hankali ne, har da masu ra'ayin matar Kawu. Waɗanda suka fi yabon fim ɗin sun yabe shi ne saboda ya ƙi faɗa. Alƙali kuwa ba zai karɓi haka daga bakina ba.

Ina kewarki, Yaya, kewar da shekaru ba su rage ba. Tun da na dawo ɗakinki da zama, kullum la'asar kofi biyu nake haɗawa. Jiya na tafi alwala na dawo, na tarar naki ya ragu. Ni kaɗai ce a gidan, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne daɗin da na ji.

In kina raye, Allah ya karkato da ke gida. In kin riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ki da wanda kika tafi tarya a tasha. Gobe in an tambaye ni, amsarki zan ba su.

Ƙanwarki mai jiranki,
Talatu