Allurar da ka hana a yi wa Baba

Yaya Sani,

Ina gaishe ka. Ya aiki, ya su Hadiza da yara? Mu nan Kore Mairuwa sai godiya, in ban da jikin Baba.

Yaya, yaushe ka zama likita? Daga Kwatano ka bugo waya ka ce kar ƙarfe ya taɓa shi, wai ciwon daji in ya ji allura haukacewa yake yi.

Ni na kai shi Yamai, na ga tabon a hoton huhunsa. Likita ya ce ba yanka ba ne. Ekogarafi, na'urar nan mai nuna hoton cikin jiki, zai ɗora masa a ƙirji, yana kallon allurar har ta tsinko tsoka kamar ƙwayar gero, a auna a san ciwon. Na roƙi Baba har da hawaye, ya ce, "Yayanka ya hana." Haka munka dawo.

Yanzu Inna na ɓoye tsumman da yake tofa jini a ciki. Ni ƙarami ne, wa zai ji tawa?

Ku sa shi a addu'a, ka gaida mutanenmu na can. Ran Juma'a dangi za su taru, zan kira ka kowa na ji. Ka amsa a gabansu: a yi allurar, ko mu zauna muna kallonsa?

Ƙaninka,
Habu