Baba Yana Bakin Ƙofar Makaranta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya raba ka da ciwon gwiwar nan. Mu nan da sauƙi. Inna na ta fama da hawan jini amma tana shan magani, yara kuma sun koma karatu.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya da na fara sai ka ce tsufa ne kawai. Mantuwarsa ta wuce inda ka sani. Kullum da safe sai ya saka farar rigarsa ta ɗakin gwaje-gwaje, ya zuba alli a aljihu, ya kama hanyar sakandaren da ya koyar da kimiyya har ya yi ritaya, inda ni nake koyar da kimiyyar a yanzu. Da farko ban hana shi ba. Wallahi mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, in ya tsaya gaban allo yana bayanin ƙwayar zarra, ko abin da ya sa ƙarfe ke tsatsa zinariya ba ta yi, sai in koma bayan aji in zauna ina saurare.

Ka san ƙa'idarsa, ba a rubuta komai sai hannu ya taɓa. Ranar Talata ya cakuɗa yashi da gishiri da garin ƙarfe a kwano, ya ce yau za a raba su. Ya sa maganaɗisu ya tsince ƙarfen tas, yara na ta murna. Ya zuba ruwa ya tace yashin, ya ɗora ruwan gishirin a risho don ya ƙafe. Daga nan sai komai ya ɓace masa. Ya tsaya ya zura wa wutar ido, hannun rigarsa ya kama bai sani ba, sai da wata ɗaliba ta ƙwalla ihu na watsa masa ruwa. Ƙunar ba ta yi yawa ba. Amma ya juyo ya tambaye ni, da ladabi irin na baƙo, wai ko na san abin da ya kawo shi nan.

Shugaban makaranta ya ce kada a sake barin sa ya shigo, ban kuwa ga laifinsa ba, 'ya'yan mutane ne. Maigadi ya ce shi kam bakinsa ba zai iya ba, sai dai ni. Na fita na faɗa wa Baba, idonsa ya kawo ruwa, ya ce to. Washegari ya sake saka riga. Kullum sai na sake faɗa, kullum kuma sabon labari ne a wurinsa. Inna ta ɓoye rigar, ya ƙi cin abinci har sai da ta fito da ita. To in kulle shi a ɗaki? Ubanmu fa! Na rasa yadda zan yi, ina koyarwa ina hango shi ta taga riƙe da ƙarfen ƙofa, har in manta inda na tsaya.

Jiya ya roƙi maigadi a kira masa babban ɗansa, wai shi zai gaya musu ko shi wane ne. Ni ya daina gane ni, Yaya. Kai har yanzu yana kiran sunanka, ban san zuwa yaushe ba. Don Allah ka zo.

Inna da Gwaggo da maigidana suna gaishe ka. Ka gaishe mini da matar gida da Auta. Baba kam bai ba da saƙon gaisuwa ba, don a ganinsa yanzu za ka iso.

Taka ƙanwa,
Malama Ƙarama