Hotunan Unguwarmu da Ke Tagar Ofishinka

Zuwa ga Mai Girma Babban Sufeton Makarantu na shiyyarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne Malam Garba, mai koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, wanda ya gaji da zama a bencin ƙofar ofishinka. Na fito fili ne don takardun da na aiko sun shige shiru.

Na ɗaya. Yayana marigayi ma'aikacin safiyo ne, ya bar mini hotuna shida na Gyadi-Gyadi da Tarauni waɗanda aka ɗauka daga jirgin sama. Da su nake koyar da alwatika masu kama da juna. Ina zana ƙaramar alwatika a cikin kyamara, daga idonta zuwa fim, sannan babba daga jirgi zuwa ƙasa: siffa ɗaya, girma daban. Yarinya ta aza rula a kan hoto, ta auna titi, ta fitar da tsawonsa na gaskiya. Wata Rabi 'yar Unguwa Uku da ke yankin Tarauni, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ta gano rufin gidansu, ta lissafa nisan da take takawa kullum zuwa makaranta. Ran nan da ƙyar na raba 'yan ajin da hotunan.

Na biyu. A zamanin soja ka kawo ziyara, ka ce hoton sama sirrin tsaro ne, ka kwashe su a jakarka. Ban yi musu ba, lokacin ba a musu. Amma wane sirri ne a rufin kwanon gidan su Rabi?

Na uku. Da mulki ya dawo hannun farar hula na yi murna kamar yaro, na ɗauka hotunana za su dawo. Kaki ya tafi, manyan riguna sun zo, kujerarka ba ta motsa ba. Yau a ce kana taro, gobe a ce mabuɗin kabad yana wurin wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Makon jiya na zagaya ta bayan ofis neman ruwan alwala, sai na ga sirrin tsaron da idona: an manna hotunan da salatif an toshe gilashin tagarka da ya fashe, fuskarsu na kallon waje. Rana da ruwan sama sun cinye biyar. Gyadi-Gyadi ta goge fes. Saura guda, gefen Tarauni. Wallahi na tsaya a wurin na yi hawaye, ban ji kunya ba.

Ranka ya daɗe, ƙarshen zangon nan zan yi ritaya. Ajina na ƙarshe sun haddace dokar alwatika kamar waƙa, ba su san amfaninta ba. Ba na neman hukunci a kan kowa, ban ma sa rai za ka karanta wannan ba. Roƙona ɗaya ne: a ɓamɓaro mini wanda ya rage kafin ruwa na gaba, in nuna musu ko sau ɗaya. Zan zo da kwali in toshe maka tagar da hannuna. In hakan ma ya yi yawa, ka sa a juya fuskarsa ciki, ko kai ka ga unguwar da kake wa aiki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aiki da mutunci.

Wassalam, naka mai jira,
Malam Garba, Gyadi-Gyadi