Tsohon Kwaɓin Torrecarrasca

Litinin, 4 ga Maris
Likita ya sa rana: sha biyu ga wata za a yi min aikin ido a birnin Zaragoza, in kwana goma wajen 'yata Pilar. Ni ba idon ne ya dame ni ba. Wa zai riƙe tsohon kwaɓi? Da shi ake tayar da burodi a garin nan namu na Torrecarrasca tun zamanin kakata. Da can gida-gida yake zagayawa, gida sittin. Yau ni kaɗai ke gasawa. In ya kwana huɗu ba a ƙara masa fulawa ba, sai ya mutu.

Alhamis, 7 ga Maris
Na je wajen ƙawata Amparo. Ta ce, "Visi, maganina ma mantawa nake, sai kwaɓinki? Kai wa Naima mana!" Matar makiyayin nan ɗan Maroko, da suka kama gidan marigayi Eusebio bara. Shekara guda, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Haba!

Lahadi, 10 ga Maris
Na kai mata. Ta buɗe kwanon, ta sunsuna, ta ce, "Inna Visi, yunwa yake ji." Ji min yarinya! Na ce kada ta ba kowa ko ɗan tsinke.

Talata, 19 ga Maris
Zaragoza. Ido ya buɗe tar, har na gano Pilar ta yi furfura. Burodin nan nasu kamar audugar katifa.

Asabar, 23 ga Maris
Na dawo. Tun daga bakin gada na hango hayaƙi a gidan tanderun gari, wanda aka kulle shekara tara. Na zaci gobara ce, na ruga da sandata. Ashe mutane ne cike! Kwaɓin ya yi ta kumbura har ya fi ƙarfin kwano, Naima ta ce zubar da abinci haramun ne, sai ta raba. Ta ba Ileana 'yar Romaniya mai kula da tsofaffi, ta ba ma'auratan nan na Valencia masu zuma, har da wata daga ƙauyen ƙetare. Na buɗe baki zan yi faɗa, Amparo ta cusa min burodi mai zafi. "Ci, tsohuwar banza, kya yi masifar daga baya."
Ɗanɗanon na mahaifiyata ne sak. Na yi kuka, na ce aikin idon ne.

Laraba, 27 ga Maris
Naima ta dawo min da kwanona, a wanke, da kasona a ciki. Na ce ta mayar, hannuna na ciwo, in ta gama ta miƙa wa Ileana, ni sai Juma'a.
Hannuna lafiyarsa ƙalau.