Hannun Kaka a Ƙarƙashin Sulen Rumawa

Zuwa ga Goggo Barakatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafar taki, yaya su Latifatu? Ni lafiya lau nake. Tun da aka rushe unguwarmu ta Karantina a nan Jidda, a shagon kafilina, wato maigidana, nake kwana, amma da fanka, kada ki damu.

Goggo, maigidana yana tara tsoffin sulallan Rumawa. A ƙarƙashin kowane sule akwai 'yar takarda da masu shi na dā suka rubuta, da ita ake bin hannun da ya bi. Jiya ya miƙo mini wata da ta gagari malaman Larabcinsa. Ina dubawa na ga ajami ne, Hausarmu. An rubuta: "Na Na'ibi mai tafiya Makka. Na samu a Sawakin, na sayar a Jidda."

Sawakin ɗin nan tashar jiragen ruwa ce a gaɓar tekun Sudan. Sai da na zauna. Na san masu wannan suna da yawa, ban ce mahaifinki ba ne. Amma shekara saba'in ke nan da ya fita hajji a ƙasa, ba wanda ya san inda ya tsaya.

A nan rubutu ake gwadawa da rubutu. Don Allah ki buɗe gafakarsa, Latifatu ta ɗauko hoton shafi ɗaya na rubutunsa ta turo mini.

In hannunsa ne, Goggo, to bai mutu a daji ba. Ya haye teku, ya iso.

Allah Ya jiƙansa, Ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Zaharaddeen